Yadda malamin zane zai haɗa waya da majigi yara su ga hannunsa

Duk sabon malamin zane da aka kawo mana, musamman 'yan bautar ƙasa, abu ɗaya yake yi ranar da majigi ya shigo hannunsa. Sai ya sauko da hotuna talatin daga intanet, a rufe tagogi, ya yi ta nunawa. Yara su yi ta “kai, kai!”, a kaɗa ƙararrawa, a tashi babu wanda ya taɓa fensir. Ni ma haka na fara a nan Jos. Sai daga baya na gane cewa abin da yaro yake nema a darasin zane shi ne hannun malam yana aiki: yadda ya riƙe fensir, inda ya danna, inda ya sassauta. A aji mai yara sittin, takwas ne kawai za su iya kewaye teburinka, sauran ƙeyar 'yan uwansu suke kallo. Hannun nan za mu ɗora a bango.

Kana buƙatar waya, laftof, majigi ko talabijin, da kebul ɗin caji mai kyau. Kada ka yi gaggawar sayen ɗan abin nan da ke haɗa waya da majigi kai tsaye ta kebul ɗin hoto na HDMI. Yawancin wayoyinmu masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta wurin caji. Na saya a kasuwar Taminus ban gwada ba, yana nan cikin durowa har yau. Ka sa manhajar DroidCam ko Iriun, masu mayar da waya kyamarar laftof, a waya da laftof, ka haɗa su da kebul, laftof kuma ta tafi majigi. Akwai wani saiti da ake buɗewa a waya kafin kebul ya yi aiki, mai gyaran waya zai yi maka shi a minti biyu. Ban yarda da haɗawa ta iska ba, hoton yakan yi jinkiri, ka gama layi bango bai fara ba.

Yanzu wurin da kowa ke faɗuwa, wato ɗora wayar. Ranar farko na sa monitan aji ya riƙe min ita a saman takarda ina yi wa zanen ƙwarya inuwa. Hannunsa na rawa, hoton na shiga yana fita. Can sai wani daga baya ya ce, “Malam, agogonka kawai muke gani.” Aji ya fashe da dariya, darasi ya watse.

Kada ɗan Adam ya riƙe waya. Ka jera littattafai gida biyu a kan tebur, tsayin kamar santimita 40, ka gitta katako a kai, ka kwantar da wayar yadda idon kyamara zai leƙo ta gefen katakon yana kallon ƙasa. Ka ɗaure ta da roba. Sannan ka manne kusurwoyin takarda huɗu da salatif, domin in ba haka ba, kana zane kana tura ta, ba ka sani ba ta fita daga hoto. Kafin yara su shigo ka rubuta sunanka a takardar ka dubi bango. In ya fito a juye ko ƙafa a sama, gyara shi tun yanzu.

Agogon da yaron nan ya gani kuwa, ga dalilinsa: kyamara tana bin abin da ya fi kusa da ita, da hannu ya shigo sai ta saki takarda. Ka nemi wurin kulle saitin gani a manhajar, ka kulle shi a kan takarda. Ka kuma cire agogo da zobe.

Haske ya zo ta hagu in da dama kake zane, kada inuwar hannunka ta rufe aikin. Taga ɗaya kusa da kai a buɗe, na kusa da bangon majigi a rufe. Fensir HB ba ya fita a bango ko kaɗan, ka ɗauki 4B ko 6B, ko gawayi. Farar takarda tas tana ƙyalli ta cinye layi. Ni takardar buhun siminti nake yankawa, ta fi fitar da gawayi da alli, kuma kyauta ce.

Darasin launi kuma sai ka yi hattara, majigi maƙaryaci ne. Da ja da kore da shuɗin haske yake haɗa launukansa, shi ya sa a fuskar waya ja da kore suke ba da rawaya, a fenti kuwa su ba ka ruwan ƙasa mai datti. Ka gauraya fentin a ƙarƙashin kyamara su ga yawan da ka ɗiba, amma ka miƙa takardar ta zagaya layi-layi su ga launin da idonsu.

Wuta za a ɗauke, wannan ba sai an faɗa ba. Tun daren jiya ka ɗauki bidiyon aikin, minti uku zuwa huɗu, ka ajiye a waya da laftof. In an ɗauke, laftof tana da caji, a raba yara rukuni-rukuni su kalla. Masu waya a gida ka tura musu ta Xender a wayar iyaye, ko ta zauren WhatsApp na ajin.

A darasin minti 40, majigi ba ya wuce minti goma a wurina. Da na ajiye fensir nake kashe shi. In ka bar zanenka a bango, zanenka sittin za ka karɓa, har da kuskuren da ka yi a bakin ƙwaryar.

Tarihin fasaha ne kaɗai nake yarda a nuna hoto, shi ma ɗaya ko biyu. Ka buɗe hoton kan mutum-mutumin Nok, ka matso da idon, su ga siffarsa mai kusurwa uku da hudar tsakiya, ka gaya musu masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsa a 1928. Amma mu da muke Jos ba mu da hujja: gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana nan cikin gari, a kai su sau ɗaya a shekara. Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, kuwa ba ka buƙatar data. Zaro naira 20 daga aljihu, juya bayanta, sa ta a ƙarƙashin kyamara, ga ta nan tana ginin tukunya.

Aikin yara ka riƙa ɗaukar hotonsa a bakin taga, aji-aji, ban da fuskokinsu. Manhajojin zane irin su ibisPaint da Krita suna da kyau kuma ba a biya, amma ba na ba wa 'yan ƙaramar sakandare sai hannu ya faɗa da fensir. In ka gama, bari fankar majigi ta tsaya da kanta kafin ka zare wayar wutarsa daga soket, kuma lokacin hunturu ka lulluɓe shi da zane, ƙurar Disamba tana toshe masa hanci.