Yadda Ake Nazarin Shari'a, Alheri da Cikar Annabci a Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya taɓa jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a ikkilisiya, ko a zumuntar mata ko ta matasa, ya san tambayar da ba ta tsufa: idan ta wurin alheri aka cece mu, me ya sa muka riƙe Dokoki Goma, amma muka bar hadayar dabbobi da dokokin abinci? Mai jagora da bai shirya ba yakan amsa da cewa wancan tsohon alkawari ne, ya wuce, sai wani ya sake tambayarsa ko dokar hana sata ma ta wuce ke nan. Akwai hanyar bi daki-daki da ke raba mutum da wannan ruɗani.

Ka fara da daidaita kalmomin, domin a Arewa da zarar an ce shari'a, hankalin mai sauraro yakan tafi ga alƙali da kotu. A nan kuwa ana nufin Attaura, littattafai 5 na Musa: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. Asalin kalmar a Ibrananci yana ɗauke da ma'anar koyarwa, irin wadda uba ke yi wa ɗansa, kuma malaman Yahudawa sun ƙirga umarnai 613 a cikinta. Ita kuwa kalmar alheri ba ta buƙatar dogon bayani ga Bahaushe, domin kowa ya san bambancin ladan da ake biyan ɗan ƙodago da yamma da alherin da ake yi wa mutum ba tare da ya ɗaga fartanya ba. Wannan bambanci ne Bulus ya ɗora hujjarsa a kai a Romawa sura ta 4.

Daga nan sai ka nuna wa masu nazarin abin da ya riga wani. Ka sa wani ya karanta Fitowa sura ta 20 tun daga aya ta 1, kada ya tsallake zuwa aya ta 3 kamar yadda aka saba. Kafin a ba da ko da doka ɗaya, Allah ya fara tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne ya fito da su daga bauta a Masar. An cece su tukuna, sannan aka koya musu yadda 'yantattu za su yi zama. A Galatiyawa 3:17 Bulus ya koma baya fiye da haka, ya ce alkawarin da aka yi wa Ibrahim ya girmi Shari'a da shekara 430, don haka abin da ya zo daga baya ba zai soke na farko ba. Wanda ya kama wannan jeri zai daina ɗaukar Tsohon Alkawari a matsayin littafin bulala, Sabon Alkawari kuma na rarrashi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na ɗaukar dokokin ɗaya bayan ɗaya. A kan kowace doka ka tambayi wanda aka ba ta da halin da yake ciki, ka nemi abin da take karewa, sannan ka duba yadda Yesu da manzanni suka ɗauke ta. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo daga sama alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wanda ya taɓa kwana a kan soro a lokacin bazara zai gane wannan doka nan take, domin mutanen can ma suna shanya da hutawa a kan shimfiɗaɗɗen rufi. Mai rufin kwano ba shi da buƙatar rawani, amma rijiyar da ya bari a buɗe a tsakar gida, yara suna wasa a bakinta, tana ƙarƙashin manufar dokar nan. Haka kuma Firistoci 19:9-10 ta hana manomi girbe gonarsa kakaf, ta ce ya bar kala domin matalauci da baƙo. Bulus da kansa ya bi wannan hanya a 1 Korantiyawa 9:9, inda ya ɗauki dokar hana sa wa sa takunkumi yana sussuka, ya fitar da haƙƙin ma'aikaci daga cikinta.

Akwai dokokin da Sabon Alkawari ya yanke magana a kansu a fili, kuma a nan ba ka da buƙatar ra'ayin kanka. Wasiƙar Ibraniyawa, musamman sura ta 9 da ta 10, ta bayyana cewa hadayun da ake maimaitawa kowace shekara a Ranar Kafara inuwa ce ta hadaya guda da Almasihu ya miƙa sau ɗaya tak. A Ayyukan Manzanni sura ta 15, manzanni da dattawa suka taru a Urushalima a kan batun kaciya, suka yanke cewa ba za a ɗora ta a kan al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Malamai irin su Thomas Aquinas da John Calvin sun kasa Shari'a kashi uku, na ɗabi'a da na ibada da na mulkin ƙasa, kuma rabon yana taimaka wa mai koyo ƙwarai. Sai dai ka faɗa wa ajinka gaskiya cewa Musa bai jera dokokin a ƙarƙashin waɗannan kanu ba. A sura guda, Firistoci 19, za ka tarar da umarnin ƙaunar maƙwabci a aya ta 18, aya ta 19 kuma tana hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Game da Asabar da zakka kuwa ɗariƙun Kirista sun bambanta har yau, kuma ya fi kyau ka bayyana matsayin kowane ɓangare da hujjarsa kafin ka faɗi na ikkilisiyarku.

Ka lura da ramuka biyu da ke gefen wannan hanya. Wani malami mai suna Markiyon ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikkilisiyar Roma kuwa ta fitar da shi a shekara ta 144, domin Yesu ya ce a Matiyu 5:17 bai zo ya shafe Attaura da Annabawa ba, cika su ya zo yi. A ɗaya gefen kuma akwai mai mayar da alheri izinin yin zunubi, wanda Romawa sura ta 6 da Yakubu sura ta 2 suka toshe masa baki. A ganina Afisawa 2:8-10 ta fi dacewa a haddace, muddin ba a tsaya a aya ta 9 ba, domin aya ta 10 ce ke nuna cewa ayyuka nagari 'ya'yan ceto ne.

Kalmar cika ita ce gadar da ke haɗa Shari'a da annabci, kuma a nan ne mutane da yawa suke gaggawa. Duk inda Matiyu ya ce an yi kaza domin a cika faɗar annabi, ka koma ka karanta surar annabin baki ɗaya. Wani lokaci za ka sami hasashe kai tsaye, kamar Mika 5:2 da ya ambaci Baitalami, garin da aka haifi Yesu. Wani lokaci kuma abin ba haka yake ba. Matiyu 2:15 ya ɗauko Yusha'u 11:1 a kan dawowar jariri Yesu daga Masar, alhali annabin yana magana ne a kan abin da ya riga ya faru, wato fitowar Isra'ila. Matiyu bai yi kuskure ba. Yana nuna cewa Yesu ya sake bin sawun al'ummarsa, ya yi biyayya a inda suka kasa. Ishaya 7:14 ma, alamar haihuwar ɗa mai suna Immanuwel, an fara faɗa wa Sarki Ahaz ne a lokacin da sarakunan Suriya da Isra'ila suka haɗa kai a kansa, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, don haka alamar tana da ma'ana ta kusa kafin ta nesa.

Ishaya 53, surar bawan Ubangiji mai shan wahala, ya cancanci zama na musamman, a haɗa shi da Ayyukan Manzanni sura ta 8, inda ma'ajin sarauniyar Habasha yake karanta shi a cikin keken dokinsa, ya tambayi Filibus ko annabin kansa yake nufi ko wani dabam. Yana da kyau ajin ya san cewa malaman Yahudawa da yawa suna ɗaukar bawan nan mai shan wahala a matsayin al'ummar Isra'ila, domin mai bi ya iya kāre fahimtarsa cikin ladabi. Sannan ka ɗaure darasin da Irmiya 31:31-34, inda aka yi alkawarin rubuta Shari'a a zukata da gafarta zunubi. Yesu ya ambaci wannan sabon alkawari a kan ƙoƙon jibin ƙarshe a Luka 22:20, Ibraniyawa sura ta 8 kuma ta kawo nassin dukansa.

Annabce-annabcen dawowar Almasihu da tashin matattu ba su cika ba tukuna, kuma kada ka bari ajin ya koma wurin lissafin rana. Mabiyan wani mai wa'azi William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasunsu har suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, ita ma ta wuce. Idan wani ya zo da saƙon WhatsApp mai ɗauke da sabuwar rana, ka buɗe masa Markus 13:32 ya karanta da bakinsa, sannan ku koma kan surar da kuke ciki.