Yadda ake binciken harbin bindiga a matsayin matsalar lafiyar al'umma a Amurka

A shekarar 2021 mutum 48,830 ne harsashi ya yi ajalinsu a Amurka, adadin da ya zarce na waɗanda suka rasu a hatsarin mota a ƙasar cikin wannan shekara. 'Yan sanda da kotuna suna duban irin wannan mutuwa ne bayan aikin gama ya gama, su nemi mai laifi. Masana lafiyar al'umma kuwa tambayarsu daban ce, domin suna son sanin su wa abin ya fi shafa, a wane yanayi, da kuma abin da za a canza tun kafin a ɗana kunamar bindiga, kamar yadda aka yi da shan taba da haɗurran hanya. Ga yadda mai bincike yake bi idan yana son gudanar da irin wannan aiki da kuɗin gwamnati.

Mataki na farko: sanin sharaɗin da ke kan kuɗin

Wanda bai san tarihin wannan kuɗi ba zai iya rubuta takardar neman tallafi da za ta jawo masa fitina. A 1993 wani likita mai suna Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ɗauki nauyinsa, inda suka nuna cewa gidan da aka ajiye bindiga ya fi fuskantar haɗarin a kashe wani a cikinsa da kusan ninki uku. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta yi ca a kan hukumar, kuma a 1996 majalisar dokoki ta amince da wani sharaɗi da ɗan majalisa Jay Dickey na jihar Akansas ya gabatar, wanda ya hana amfani da kuɗin CDC wajen yin kira ga taƙaita mallakar bindiga. Aka kuma janye dala miliyan 2.6, daidai abin da hukumar ta kashe kan binciken bindiga a shekarar da ta gabata, aka mayar da su binciken raunin ƙwaƙwalwa.

Sharaɗin bai ce kada a yi bincike ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai ma'aikatan hukumar suka janye hannu fiye da shekara ashirin. Daga baya aka faɗaɗa shi ya shafi cibiyoyin binciken lafiya na NIH. Sai a 2018 majalisa ta fayyace cewa CDC tana da ikon binciken musabbabin harbe-harbe, sannan a ƙarshen 2019 ta ware dala miliyan 25 aka raba tsakanin CDC da NIH. Saboda haka mai neman tallafi ya tsara aikinsa a matsayin tambaya da ake neman amsarta, kada ya tsara shi a matsayin fafutukar kafa wata doka.

Mataki na biyu: ƙidaya gawa da rauni yadda ya kamata

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a ganina nan ne ake bambanta bincike mai nauyi da surutun siyasa. Tushen farko shi ne takardun shaidar mutuwa da jihohi ke tattarawa, waɗanda CDC ke sakawa a rumbunanta na intanet, WONDER da WISQARS, inda kowa zai iya ciro alƙaluma bisa shekaru, jinsi da jiha. Takardar mutuwa tana faɗin abin da ya kashe mutum, sai dai ba ta faɗin abin da ya kai ga hakan. Don cike wannan giɓi ne aka kafa tsarin NVDRS a 2002, wanda ke haɗa takardar mutuwa da rahoton likitan da ya duba gawa da rahoton 'yan sanda a wuri guda, har a iya gane ko rikicin aure ne, ko bashi, ko ciwon damuwa. Da jihohi kaɗan aka fara, kuma sai a 2018 aka samu kuɗin shigar da dukkan jihohi 50.

Da zarar an zauna da waɗannan alƙaluma, abin da ke fara bayyana ya saɓa wa abin da ake gani a talabijin. Cikin mutanen da suka mutu a 2021, fiye da 26,000, wato kusan kashi 54 cikin ɗari, su ne suka harbe kansu, yayin da kusan 21,000 wani ne ya kashe su. Harin kan mai uwa da wabi a makarantu da kasuwanni, duk da girgiza zukata da yake yi, kaso ne ɗan ƙarami. Tsofaffin maza farar fata, musamman a karkara, su ne suka fi yawan kashe kansu da bindiga, matasa baƙar fata a wasu unguwannin birane kuma su ne kisan ya fi faɗa wa. Wanda ya dunƙule waɗannan biyu wuri ɗaya ya ce yana neman magani guda, ya ɓata tun daga ƙofar gida.

Alƙaluman waɗanda aka harba suka rayu sun fi rauni ƙwarai, domin asibitoci sukan rubuta harbin ganganci a matsayin tsautsayi idan likita bai bayyana yadda abin ya faru ba. Mai bincike da zai dogara da bayanan asibiti ya zama dole ya ɗauki samfurin fayiloli ya karanta da idonsa don ya auna girman kuskuren.

Mataki na uku: gano wa ke da bindiga

Wannan ƙaya ce a ƙafar duk mai wannan aiki. Dokar tarayya ta 1986 ta hana gwamnati kafa rajistar masu bindiga, sannan wani sharaɗi na 2003 da ke ɗauke da sunan ɗan majalisa Todd Tiahrt ya taƙaita fitar da bayanan ATF, hukumar tarayya mai sa ido kan makamai, game da asalin bindigogin da aka kama a wurin aikata laifi. Masana sukan bi ta bayan gida, ko dai su yi tambayoyi ga jama'a, ko su ɗauki kason masu kashe kansu da bindiga cikin dukkan masu kashe kansu a wata jiha a matsayin ma'aunin yawan gidajen da ke da makami. Jihar Kalifoniya ta fita daban saboda tana adana bayanan cinikin ƙananan bindigogi, abin da ya ba wasu masana damar bibiyar mutum sama da miliyan 26 na tsawon shekara goma sha biyu. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna cewa mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau takwas wajen harbe kansu. Ita ce kuma jihar da ta kafa cibiyar binciken harbin bindiga da kuɗinta a Jami'ar Kalifoniya reshen Debis a 2016, lokacin da tarayya ke noƙewa.

Mataki na huɗu: zaɓar tsarin kwatanci

Ba zai yiwu a raba wa wasu gidaje bindiga a hana wasu don a ga abin da zai faru ba, don haka sai a nemi kwatanci. Kellermann ya ɗauki gidajen da aka yi kisa a yankunan biranen Memfis, Siyatil da Kilibland, ya gwada kowanne da gidan maƙwabci mai kama da shi a shekaru da jinsi da launin fata. Masu sukarsa sun ce wataƙila mutanen da tun can suke cikin haɗari ne ke sayen bindiga, kuma wannan suka ce da ta cancanci amsa, ba tsaki ba. Shi ya sa ake cire tasirin shan giya, ƙwaya da tarihin faɗa a gida cikin lissafi, ko kuma a kwatanta jihar da ta sauya doka da jihohin da ba su sauya ba, kafin sauyin da bayansa.

Mataki na biyar: gwada magani a fili

Inda za a iya yin gwaji na ƙuri'a, a yi shi. A birnin Filadelfiya an ɗauki filaye 541 da aka yi watsi da su suka zama juji, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, aka share wasu aka shuka ciyawa da bishiyoyi aka kewaye su da gajeren shinge, aka bar wasu yadda suke. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cewa a unguwannin talakawa harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin ɗari kewaye da filayen da aka gyara, ba tare da an taɓa bindigar kowa ba. Irin wannan gwaji ake yi wa shawarar da likita ke ba iyaye kan kulle makami da raba shi da harsashi, ana kuma auna tasirin shirye-shiryen da ke tura tubabbun 'yan daba su shiga tsakani kafin a kai ga ramuwar gayya, waɗanda sakamakonsu ya bambanta daga gari zuwa gari.

Mataki na shida: izini da wallafawa

Kafin a taɓa fayil ɗin kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, a kuma goge sunaye da adireshi. Aiki yakan fi inganci idan an jawo masu sayar da bindiga, mafarauta da tsofaffin sojoji cikinsa tun daga farko, tunda su ne za a nemi su yi amfani da sakamakon.

Wajen rubuta rahoto, a faɗi abin da alƙaluma suka nuna da iyakarsu, a bar wa 'yan majalisa batun doka. Ya kamata kuma mai bincike ya ajiye kwafin bayanansa da na duk takardar gwamnati da ya dogara da ita. A watan Yunin 2024 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da sanarwa da ta ayyana harbin bindiga a matsayin babbar matsalar lafiyar al'umma, amma a watan Maris na 2025, bayan sauyin gwamnati, aka cire ta daga shafin ma'aikatar lafiya.