Kafin ki gwada hasken leza a kan ciwon Hashimoto

Na daɗe ina shan levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayrod, kowace asuba, don haka na san yadda zuciya ke rawa in aka ce hasken leza zai iya rage yawan ƙwayar da ake sha. Amma 'yar'uwa, ki bi a hankali.

A ciwon Hashimoto, garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin tayrod ɗin da ke gaban wuya, har ya kasa samar da isasshen sinadari. Shi wannan leza mai ƙaramin ƙarfi ba ya ƙona fata, ba ya yanka. Ana ɗora kan na'urar a wuya, wuri bayan wuri, da fatan kumburin ciki ya lafa.

Binciken da aka fi ambata shi ne na jami'ar São Paulo a Brazil, wanda ya fito a 2013. Mutum 43 ne, an raba su gida biyu, wasu aka haska musu na gaske, wasu na bogi; an yi musu zama 10, sau biyu a mako, da haske mai tsawon zango nanomita 830. Bayan wata 9, waɗanda aka haska wa na gaske sun buƙaci levothyroxine maikirogram kusan 39 a rana, waɗanda aka yi wa na bogi kuwa kusan 107. Abin ya ba ni ƙarfin gwiwa. Sai dai mutum 43 sun yi kaɗan, shi ya sa levothyroxine ke nan a matsayin maganin asali.

Fara da likitanki. Ki nemi gwajin jini na TSH da free T4 (masu nuna yadda tayrod ke aiki) da anti-TPO (mai nuna ko garkuwar jiki na kai masa hari), sannan a yi miki sikanin wuya. Wannan sikanin kada ki tsallake shi. In an ga ƙulli a jikin tayrod, sai an gano ko mene ne kafin wani haske ya kusanci wurin.

Wurin mai na'urar kuwa, ki tambayi tsawon zangon hasken, ƙarfinsa da yawan zama. Wanda ya kasa amsawa, ki tashi. Dole a ba ki tabarau na kare ido.

Ƙwayarki ki ci gaba da sha da cikin wofi, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Bayan an gama zaman, a maimaita TSH. In tayrod ya farfaɗo, adadin da kike sha zai iya yi miki yawa, ki ji bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci. Likita ne zai rage, sannan a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Mai ciki ko mai neman haihuwa kada ta taɓa adadin maganinta saboda leza.