Yadda za ka zaga ƙauyen Avebury da ƙafa in Allah ya kai ka Ingila

Tun da na dawo Katsina duk majalisar da na zauna tambayar kenan, ka je Landan? ka ga fadar sarki? me ka sawo muna? To na je Landan ɗin, amma wallahi abin da ya tsaya mani a rai ba shi ba ne, wani ɗan ƙauye ne da ƙanina ya kai ni ranar da ba ya da aiki, sunanshi Avebury, a yankin Wiltshire. Mutanenmu da yawa suna zuwa ƙasar nan, wasu karatu wasu asibiti wasu ziyarar 'ya'ya, sai su ƙare kwanakinsu tsakanin ɗaki da kantuna alhali ga wuri nan kusa da ba a biyan ko sisi a shiga, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi dalla-dalla ko wani zai amfana.

Zuwan ba wuya. In kana Landan ka tafi tashar jirgin ƙasa ta Paddington ka hau na Swindon, wajen awa 1 ne. Daga Swindon akwai bas mai lamba 49 da ke tafiya Devizes, tana bi ta tsakiyar ƙauyen, wajen rabin awa ka iso, kuma da katin banki ake biya ka ɗora shi bisa ɗan injin da ke gaban direba shi kenan. Abin da za ka kiyaye shi ne lokacin bas ɗin dawowa, ka duba tun kafin ka sauka, musamman ranar Lahadi da motocin ke ƙaranci, don ƙauye ne na gaske, ba ɗan acaɓa ba Keke Napep da za ka ɗaga ma hannu.

Kafin mu fita ƙanina ya kalli ƙafata ya ce Yaya wannan takalmin ba zai kai ka ba, ya ɗauko mani but nashi. Na so in yi gardama don rana ta fito tas, amma da muka shiga hanyar bakin rafi na gode mashi. Ƙasar wurin alli ce, fara, in ta sha ruwa santsi take kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma can ruwan sama ba ya sallama, yanzu rana anjima yayyafi. Saboda haka takalmi mai rufe ƙafa mai ƙwarin ƙasa, rigar ruwa a jaka ko da gari ya yi garau, da dogon wando mai kauri. Mata ma hijabi ba matsala, sai dai doguwar riga mai jan ƙasa za ta kwashi taɓo, gara a sa wadda ta tsaya a idon sawu da wando a ciki. Ka riƙe gorar ruwa da filas na shayi da ɗan abin taɓawa, mu dabino da biredi da dafaffen ƙwai muka ɗauka. Kar ka ce za ka taho da kilishi daga gida, dokarsu ta hana shigo da nama daga irin ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure ma baƙo kai, kuma shi ne ginshiƙin tafiyar baki ɗaya. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi ko da sun ratsa ta tsakiyar gonar mutum, mai gonar ba ya da ikon tare ka matuƙar kana bisa hanyar. Za ka ga ɗan allo an rubuta Public Footpath, ko ƴar kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungumen shinge, wannan ta masu ƙafa ce, in kibiyar shuɗiya ce to har masu doki da keke suna bi. Ni da na fara gani sai burtali ya faɗo mani a rai, yadda iyayenmu suka bar ma dabbobi hanya tsakanin gonaki kowa ya san iyakarshi, bambancin kawai su nasu yana cikin taswira kuma har gobe ba a cinye shi ba. Sharaɗin shi ne ka tsaya bisa hanyar, kar ka ratse cikin shuka, kar ka yar da ko ledar alawa, ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi yadda yake don mai gonar ya san dalilinshi. Wani wurin ba ƙyaure sai ɗan matakalar katako da za ka taka ka tsallake shinge, wani wurin ƙyaure ne mai lilo da mutum ɗaya kawai ke iya wucewa, an yi shi haka don tumaki kar su fita.

Kana sauka daga bas kana cikin abin da ka zo gani, don wani ɓangare na ƙauyen kanshi a cikin wata da'irar duwatsu yake zaune. Manyan duwatsu ne aka kakkafa a tsaye aka zagaye fili da su, wasu sun haura tan 40, an yi aikin kimanin shekara 4,500 da suka wuce, kuma babu da'irar duwatsu a Birtaniya da ta kai ta girma. Bayan duwatsun akwai wani ƙaton gwalalo da tudun ƙasa da suka kewaye wurin, ɗan Katsina na gani zai ce ganuwa ce, sai dai ita wannan ramin ta ciki yake tudun a waje, wanda ke nuna ba don yaƙi aka yi ta ba. Masana sun ce zurfin ramin a da ya kai wajen mita 9, kuma da ƙahon barewa aka haƙa shi, ba ƙarfe a lokacin. Na tsaya bakin ramin ina ta lissafin hannu nawa, damina nawa. A nan ba kamar Stonehenge ba ne, wata shahararriyar da'irar duwatsu da ita ma ke Wiltshire ɗin, da ake sayen tikiti a tsaya bayan igiya, nan za ka je har jikin dutsen ka dafa shi, sanyi ƙalau, ga gansakuka ta yi mashi dabbare-dabbare, tumaki na kiwo a gindinshi ko kallonka ba su yi. A 1986 UNESCO ta sa wuraren biyu tare cikin kayan tarihin duniya.

Za ka lura a wasu wuraren ba dutse sai ɗan guntun siminti, alama ce ta inda dutse yake a da. Mutanen ƙauyen ne da kansu suka bi su, a ƙarni na 14 suna haƙa rami suna binnewa, daga baya kuma suka koma hura masu wuta su kwara ruwan sanyi dutsen ya fashe su yi gini da shi. Wannan ya taɓa ni ƙwarai don mu ma haka muka yi ta ɗibar ƙasar ganuwa muna gini har ta kusa ƙarewa a idonmu. Wani attajiri Alexander Keiller, wanda gidansu suka yi kuɗi da sana'ar jam ɗin lemu, shi ya sayi filin a shekarun 1930 ya tono duwatsu da yawa ya sake tsayar da su, a 1938 ma a ƙarƙashin wani dutse suka tarar da ƙasusuwan mutum da almakashi da ƴan kwabbai na ƙarni na 14 a tare da shi, shi ya sa ake ce ma dutsen na wanzami. Akwai ɗan gidan tarihi mai sunan Keiller ɗin a ƙauyen, shi ana biya, kusa da shi akwai bayi da wurin shan shayi, ka yi alwalarka a nan kafin ka kama hanya.

In da tsoho ko ƙananan yara kake tafe, zagaya da'irar kaɗai ta isa, awa 1 a hankali. In kau da sauran ƙarfi to ka fita ta kudu ka bi West Kennet Avenue, duwatsu ne jere biyu-biyu kamar an yi ma sarki layi, kana tafiya a tsakiyarsu bisa ciyawa. Inda suka ƙare sai ka yi dama ka hau tudun Waden, hawan ba tsanani, numfashi kaɗan ne, kana kaiwa bisa sai ga Silbury Hill a gabanka kamar an kife ƙatuwar ƙwarya. Tudu ne da mutane suka tara da hannu, tsayinshi ya haura mita 30, kimanin shekara 4,400 kenan, an sha haƙa rami a shiga cikinshi ana neman kabari ba a samu ba. An hana hawa, an kewaye shi, dan Allah kar ka ce bari in ɗan hau in ɗauki hoto.

Daga nan ka gangara sai babban titin A4, kuma a nan nake so ka natsu. Motoci gudu suke sosai, kuma su ta hagu suke tuƙi, saboda haka dama za ka fara dubawa ba hagu ba yadda muka saba, ka riƙe hannun yaro gam. Kana tsallakewa akwai ƙyaure, ka haye ɗan rafin Kennet ka miƙe sama tsakanin gonaki minti 10 zuwa 15 sai ga West Kennet Long Barrow. Kabari ne, dogon tudu wajen mita 100, ya girmi duwatsun can da kusan shekara 1,000, kuma ana shiga ciki. Ka sunkuya ka kunna fitilar waya, ɗakuna 5 ne na dutse, biyu dama biyu hagu ɗaya a ƙurya, an samu ƙasusuwan mutum sama da 30 a ciki. Ciki shiru, ga ɗanshi, ga ƙanshin ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa Durɓi ta Kusheyi wajen Mani zai ji wani abu a nan, tudun ƙasa bisa manyan da ba wanda ya san muryarsu yanzu. Za ka iya tarar da kyandir ko furanni da wasu suka ajiye don nasu imanin, ba ruwanka da su, kar ka taɓa kar ka yi magana, kai tarihi ka zo gani. Saboda irin wannan ne ma zan ce ka kauce ma wajen 21 ga Yuni, ranar da ta fi tsawo a shekara, masu bukin rana suna cika wurin maƙil.

Komawa sai ka sake tsallake titin ka bi hanyar bakin rafi da ta wuce ta gefen Silbury, shimfiɗaɗɗiya ce har ƙauyen, nan ne taɓon yake. Duka zagayen bai wuce kilomita 6 zuwa 7 ba, mu da tsaye-tsaye da cin abinci awa 3 da ɗan kai muka yi. A gefen hanyar akwai wani haki mai ganye kamar zarto, in ya taɓa fatarka zafi kamar harbin rina, shi ne amfanin dogon wandon, kuma in ka koma gida ka duba ƙafafunka don akwai kaska a cikin ciyawa. Shanunsu ba su saba da sanda da tsawa irin namu ba, in ka ga saniya da ɗan maraƙi ka ba ta fili ka wuce a hankali. Karnuka kau sai haƙuri, kusan kowa da nashi, in ya nufo ka kar ka ruga kar ka ɗauki dutse, ka tsaya cak mai shi zai kira shi, in ka ce mashi ba ka son ya taɓa ka za su riƙe ba tare da ɓacin rai ba. Kuma ba kamar Landan ba, a nan duk wanda kuka yi kiciɓis sai ya gaishe ka, ka amsa da fara'a.

Azahar a hanya ta same mu, muka koma gefe inda ba mu tare ma kowa ba muka shimfiɗa rigar ruwa bisa ciyawa, alƙibla daga can kudu maso gabas take, waya ta nuna muna. Wata tsohuwa da karenta ta hango mu ta ja igiyarshi ta tsaya nesa har muka sallame sannan ta wuce tana ɗaga muna hannu. Lokacin da ya fi daɗi daga Mayu zuwa Satumba ne, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. In kau a Disamba ka je to ka fito da sassafe, don ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara, kuma hanyoyin nan ba fitila ko ɗaya. Lambar gaggawa 999 ce, ka caja wayarka ta cika kafin ka bar gida.