Kurakuran masu sikana idan an sauya rukunin maganar 'yan sandan jiha

Duk sanda wata jiha a nan Amurka ta taɓa tsarin oba-obar 'yan sandanta sai sabbin shiga su rikice, wai sikana, wato rediyon sauraron oba-oba, ta mutu. Lafiyarta lau malam, lambar rukunin maganar, wato layin da wani sashen 'yan sanda ke magana a kai, aka sauya kai kuma kana ta gadin tsohuwar. A tsarin oba-oba na dijital da ake kira P25 irin MARCS na Ohio ko MPSCS na Michigan ba a zama kan mita ɗaya, kwamfuta ce ke raba mitoci, kowane rukuni da lambarsa. Ni dai in na ji shiru sai in cire ta daga ID Scan mai sauraron lambobin da ka ajiye kawai in sa ID Search mai kamo duk lambar da ke magana, in ajiye biro da takarda kusa, duk baƙuwar lambar da ta fito a allo in rubuta.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne garajen sayen sabuwar sikana. Wallahi ɗaruruwan daloli na zuba, na kunna na ga lambar rukunin tana fitowa amma ko tari ban ji ba, ashe kulle maganar aka yi. Haba jama'a, kafin ku taɓa aljihu me zai hana ku duba RadioReference, shafin intanet ɗin da ke jera lambobin rukunai? In ka ga harafin T a gefen rukunin to an koma Phase 2 ne, wato sabon zubin P25, a nan kam tsohuwar sikana irin BCD396XT ba za ta iya ba sai ka sauya, amma in da E to an sirranta, kuma babu sikanar da ke buɗe makullin sirri na AES-256 ko nawa ka saye ta, dokar tarayya ta 1986 ma ta hana kutsawa maganar da aka kulle, duk wanda ya ce zai buɗe maka kuɗinka kawai yake so.

Murya na kakkatsewa sai a ruga sayen doguwar eriya, alhali hasumiyoyi da yawa ne ke watsa abu ɗaya lokaci guda suna karo. Ni ƙarama nake sawa.

A riƙa sabunta bayanan sikana ta Sentinel, manhajar kwamfuta ta kamfanin sikana Uniden, ni duk mako nake yi. Kar a goge tsoffin lambobi da wuri, wani lokaci ana haɗa tsoho da sabo kafin a gama ƙaura. Kuma a New York, Indiana, Florida, Kentucky da Minnesota akwai dokar da ta taƙaita sa sikana a mota, ka karanta ta jiharka tukuna.