Yadda na gyara ƙullun masa da ya ƙi tashi

Alhamdu lillahi, yau dai masa ta tashi. Tun da aka yi babban hutu yara suka cika gida a nan Bauchi, na ce bari in riƙa yin masar da kaina maimakon saye. Sau uku ƙullun na kwana bai motsa ba, masar ta fito da nauyi, tana kama tanda.

Na zargi yis, na sayo sabo. Na canza mai markaɗe. Na ƙara bekin foda, sai ɗaci.

Da Inna ta zo ta ga yadda nake haɗawa, sai ta ce, "Ke 'yar nan, da zafinta kike zuba dafaffiyar shinkafar?" Ashe zafin ne ke kashe yis, ga shi kuma ina ajiye robar a kan siminti cikin sanyin Agusta.

Sai na jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 4 na awa 6. Na dafa gwangwani 1 daban, na bar ta ta huce sarai, sannan aka markaɗa su tare da albasa. Na dama yis cokali 1 da sukari a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, na jira minti 10 har ya yi kumfa. Na zuba a ƙullun, na rufe robar, na sa ta cikin kula na lulluɓe da zane. Bayan awa 5 ya kumbura har murfi, a lokacin na sa gishiri. Tandar kuwa sai da ta ɗau zafi sosai kafin na zuba mai da ƙullu.

Allah ya saka wa Inna da alheri.