Taya mai wuyar samu: kurakuran da masu roba-roba ke ta maimaitawa a Jidda

Na gaji da ganin babur a jingine a ƙofar gida wata guda saboda taya, ko kuma ya dawo titi da tayar da ba tasa ba. A unguwarmu nan Jidda kusan duk saurayin da ya fara samun ɗan abin hannu roba-roba yake saya, saboda cunkoso da kuɗin mai. Yawanci na hannu ne daga Haraj, kasuwar kayan gwanjo. Ana duba inji, ana duba fenti, ba mai sunkuyawa ya karanta abin da aka rubuta a gefen taya. Sai ranar da ta suɗe a gane cewa girmanta ba a kowane banshar, wato shagon faci da sayar da taya, ake samunsa ba.

Masu wili inci 10 da 12 irin na Honda Activa, wato 90/90-12 a gaba da 90/100-10 a baya, da sauƙinsu. Wahala tana kan mai basfa irin su LX, wadda gabanta 110/70-11 ne, bayanta 120/70-10. Inci 11 ba kowane babur ke amfani da shi ba, don haka mai shago ba ya son zuba jarinsa a kayan da za su kwana masa. Haka mai PCX sabon yayi, gaba inci 14, baya inci 13, sau da yawa sai ya samu ɗaya ya rasa ɗaya.

Kuskure na farko, wanda ya fi cin rai, shi ne yarda da maganar nan ta "ai kusan ɗaya ne, za ta yi". Lambobin nan uku kowace da aikinta. A 120/70-10, lamba ta farko faɗin taya ne a milimita. Ta tsakiya tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin ɗari na wancan faɗin, milimita 84 ke nan. Ta ƙarshe girman wili ne a inci. Ta ƙarshen ba a ciniki a kanta, tayar inci 12 ba za ta zauna a wilin inci 11 ba ko wane gwani ne ya riƙe ƙarfen, kuma duk wanda ya ce zai matsa maka ita ka ɗauki babur ɗinka ka tafi. Wannan kowa ya kusa ganewa. Inda ake faɗawa rami shi ne lambar tsakiya, kuma a nan ni ma na faɗa.

Tayar bayan babur ɗin da nake hawa a lokacin 120/70-10 ce. Na zaga shaguna har na gaji, sai wani ya fito mini da 120/90-10, ya nuna mini da yatsa: ga 120, ga 10, me kuma ya rage? Abin da ya rage shi ne gefenta milimita 108 ne, ba 84 ba. Tsayin tayar gaba ɗaya ya ƙaru da kusan santimita biyar. A shago an ɗaura, an juya da hannu, ta juya lafiya, domin babu nauyin kowa a kai. Da na ɗauki mutum a baya muka hau tudun rage gudu, sai na ji wani gurnani daga ƙasa. Tayar tana gogar madigadi. Babur ya yi nauyin tashi a danja, kuma in na ɗora shi kan jak ɗin tsakiya tayar baya ba ta barin ƙasa. Na daure na ci gaba da hawa don ina jin zafin kuɗin da na kashe, har roba ta cinye madigadin, wani kusa na ciki ya tsaga wa tayar layi ta ko'ina. Na sayi taya sau biyu, na sayi madigadi, kuma Allah ne kaɗai ya tsare ba ta fashe da ni a kan Titin Madina ba.

Don haka ku ji ni da kyau, ku samari. Ba a gwada taya da babur a tsaye babu kowa a kai. In dole ta sa ka canza girma, ka yi lissafin gefen da kanka a waya, faɗi sau lambar tsakiya, a raba da ɗari. Ni ƙa'idata ita ce in bambancin gefe ya wuce milimita biyar ko shida ba na ɗauka. Wasu makanikai sun fi ni sassauci, ruwansu. Bayan an ɗaura kuma sai in sa mutum biyu su zauna, su danna, ni in leƙa ƙasa da fitila in ga ko yatsana zai shiga tsakanin taya da salansa, da shokozoba, da madigadi. Musanyar da na yarda da ita ita ce irin 3.50-10 da 100/90-10, tsayinsu kusan ɗaya ne, sai dai ta biyun ta ɗan fi faɗi, ita ma sai an leƙa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, don yana zuwa ne a lokacin murna. Ka sha yawo, ka shiga wani lungu a sina'iyya, unguwar makanikai da masu kayan gyara, mai shago ya hau tsani ya sauko da daidai girman da kake nema, a naɗe cikin leda. Wa zai tsaya tambaya? To ka tsaya. Dalilin da ya sa ka same ta shi ne babu wanda ya neme ta, wataƙila shekara da shekaru. Girman da ba a cika saya ba shi ne ya fi tsufa a kan kantar shago, a ƙarƙashin rufin kwano, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Roba tana bushewa ko ba a taɓa taka ta ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Wani yaron maƙwabcina ya kawo mini tasa yana washe baki, ya ce, "Kawu, na samu, sabuwa dal, har da rangwame." Na karanta masa lambar, na sa farce na danna robar, tauri kamar tafin tsohon takalmi. Na ce ya mayar. Ya ce zanenta bai ko taɓa ƙasa ba. Ya ɗaura abinsa. Titin Jidda yakan daɗe bai ga ruwa ba, mai da ƙura suna taruwa a kai, ranar da aka yi yayyafin farko sai ya koma santsi. A shataletale tayar gaban ta zame, ya karye a wuyan hannu, aikin da yake tura wa mahaifiyarsa kuɗi da shi ya tsaya watanni. Har yau raina yana ɓaci in na tuna, domin karatun lamba huɗu ne kawai ya tsaya tsakaninsa da wannan wahala. Ko kamfanin Michelin cewa yake taya in ta kai shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma a cire. Ni a wannan zafin ba na biyan kuɗin sabuwa a kan wadda ta haura shekara uku da yi.

Sauran ƙanana ne, amma ana yin su kullum. Tayar da aka rubuta wa TT tif take buƙata, kada a ɗaura ta haka nan a ce ta zama tubules. Akwai kibiya a gefe mai nuna inda za ta juya, masu banshar da suka saba da mota sukan manta, ka duba kafin ka biya. Lamba da harafin da ke bin girma, kamar 54L, nauyi ne da gudu, kilo 212 da kilomita 120 a awa, kada ka sauka ƙasa da abin da babur ya zo da shi, musamman mai ɗaukar kaya. A canza bawul tare da taya. A auna iska da safe kafin a hau. Tayar tashlih kuwa, wato ta inda ake wargaza tsofaffin ababen hawa a sayar da kayansu, ban ma son a kawo mini zancenta.

Masu ƙaramin sikuta na lantarki su ma ba su tsira ba: "inci goma" ba girma ba ne, akwai mai wili 6, akwai mai 6.5, ka cire tsohuwar ka karanta.

Abin da nake yi yanzu shi ne ba na jiran taya ta mutu. Da zane ya kai rabi nake fara nema, in tura wa shaguna hoton gefen tayar ta WhatsApp maimakon in yi ta kwatance da baki, in kuma nemi su turo mini hoton lambar shekara kafin in taso. In ba a samu ba sai in yi oda ta intanet, inda ake samun inci 11 a irin su Michelin City Grip. Takan iso a matse, leɓɓanta sun haɗe, iska ta ƙi kamawa, sai in sa gutsattsarin katako a tsakani in bar ta kwana biyu ta buɗe kafin in kai banshar. Guda ɗaya nake ajiyewa, a cikin ɗaki nesa da rana, ba a saman bene ba.